Katakon Bakin Taga

Gidana na Halƙ al-Wad, a bakin tekun Tunis, wani kafinta ɗan Sisiliya ne ya gina shi, tun zamanin da unguwar ke cike da su. Sana'arsa ƙera jiragen kamun kifi, shi ya sa da ya zo kan ɗakin sama sai ya shimfiɗa masa katako maimakon tayil, kamar yana sa ran wata rana gidan zai tashi ya shiga teku. Duk layinmu babu mai irin wannan daɓe. Ban taɓa ɗaukarsa abin alfahari ba. Ni a ƙasa nake zama, cikin littattafai, inda na ƙarar da idona ina gyara kurakuran marubutan da ba su taɓa gode mini ba, har maɗaba'ar ta sallame ni da kyautar agogon bango. Ɗakin sama na matata ne, Dalanda. Can keken ɗinkinta yake, can take guga, can take sallah.

Saboda haka yawancin aurenmu da kunne na yi shi. Ina zaune ina karatu, ina jin ta a saman kaina, daga ƙofa zuwa keke, daga keke zuwa kabad. Akwai katako ɗaya a bakin taga mai kuka biyu: ɗaya idan an taka shi, ɗaya idan an ɗaga ƙafa. Idan na ji na farko ban ji na biyu ba, na san tana tsaye tana kallon jirgin ruwan Marsiliya yana barin tasha. Ba ta taɓa shigarsa ba. Da ta rasu mutane suka yi ta tambayata ko ina cin abinci. Ɗanmu da ke Kanada yana kira ranar Sallah ya tambayi hawan jinina. Babu wanda ya taɓa tambayata yadda mutum ke zama a ƙarƙashin rufin da ya yi shiru. Na kulle ɗakin, na jefa makullin cikin kwanon da take tara maɓallai.

Ishraƙ ta buga mini ƙofa a lokacin da itatuwan lemo ke fure. Yarinya ce 'yar garin Kaf, siririya, gashinta a aske kamar na ɗan ƙwallo, gwiwarta ɗaya ɗaure da bandeji. Ta ce mai sayar da kifi na bakin kasuwa ne ya gaya mata ina da daɓen katako. Ta ce ita mai rawa ce, an ba ta wuri a bikin rawar zamani da za a yi a birni bayan zafi ya wuce, kuma karo na farko ke nan da za ta tsaya ita kaɗai a dandamali. Wata gidauniya ce ta zaɓe ta. Sun sa hotonta a bango, sun ɗauki hoto da ita, amma ɗakin gwaji babu. 'Yan ɗakunan da ke da katako a birni manyan sunaye sun riƙe su. A kan rufin gidan hayarta take yi, kan siminti, shi ne gwiwar ta kumbura.

Na san irin waɗannan gidauniyoyi. Na gyara musu jawabai ba iyaka. Kalmar tallafa wa matasa tana fitowa a kowane shafi, ni ne ma nake rage musu ita.

Na tambaye ta wace irin rawa ce, ta biki? Ta yi dariya ta ce babu ganga, babu gyale a ƙugu. Tuni ta fara kirana Am Munsif, wato Kawu Munsif.

"To me ake yi?"

"Ya danganta, Am Munsif. Wani lokaci ma tsayuwa kawai ake yi."

"Wannan kam na iya. Me ya sa ba a zaɓe ni ba?"

Na ba ta makullin. Kada wani ya yi mini zaton alheri: ba don son fasaha na yi ba. Ina so ne in sake jin ƙafa a saman kaina. Sharaɗina ɗaya, kada ta matsar da keken ɗinki daga inda yake, kusa da taga.

Abin da na samu ba shi na nema ba. Dim, dim, kamar ana sauke buhunan alkama. Ƙura tana zubo mini kan shafi. Tana zuwa bayan ta tashi daga aikinta na safe, inda take koya wa matan manya motsa jiki, ta hau sama, ta yi ta faɗuwa har la'asar. Ɓangaren taga kuwa ba ta zuwa, saboda keken. Na zauna a ƙasa ina jin haushin kaina, kamar wanda ya sayi tsuntsu don waƙa aka ba shi jaki.

Wata rana ta sauko, gumi na ɗiga daga haɓarta, ta ce tana buƙatar ido. Haka suke aiki, in ji ta: a samu mutum ya zauna ya kalla, bayan an gama ya faɗi abin da ya gani kawai. Ba zai ce ya yi kyau ko bai yi ba, ba zai faɗi ma'ana ba. Abin da idonsa ya gani. Na ce mata ta zo wurin da ya dace, rayuwata duka a ganin laifi na yi ta. Na hau benen da ban hau ba tun ranar da aka sauko da Dalanda, na zauna a kujerar keke.

Ta yi abinta. Ba zan ƙaryata ba, jikinta yana da ƙarfi, tana tashi sama kamar ba ta da nauyi. Da ta gama ta zauna a ƙasa tana haki, ta ce to.

Na ce na ga yarinya tana faɗuwa tana tashi kamar wadda ɗan kunnenta ya ɓata. Ta gyaɗa kai, ta ce in ci gaba. Na ce na ga duk bayan tsalle tana duban kusurwar da ta jingine wayarta. Na ce irin wannan tsallen na gan shi a wayar tata lokacin da take shan ruwa, wata Baturiya ce ke yin sa, kuma Baturiyar ta fi ta iyawa tunda nata ne. Na ce ban ga ta taka ɗakin nan ba ko sau ɗaya, faɗowa kansa kawai take yi.

Ta daɗe tana kwance bandejin gwiwarta tana sake ɗaurawa.

"An ce ka faɗi abin da ka gani, Am Munsif. Ba a ce ka fito da jan biro ba."

Ta yi kwanaki ba ta zo ba. Da ta dawo ta ajiye mini bambaluni mai zafi, irin fanken nan mai sukari, a takarda a kan tebur, ta hau. Dim, dim. Amma wayar a jaka ta bar ta.

Sai Shadliya. Ƙanwar Dalanda ce, tana zaune a unguwar Bab Suwaiƙa, kuma tun rasuwar yayarta ta ɗora wa kanta tsabtace ni kafin kowane biki, kamar ni ma kayan gado ne. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, Si Ƙamus take ce mini, wato Malam Ƙamus. Labarin yarinyar ya riga ya kai mata ta bakin maƙwabta. Ta ce mutane suna magana, tsoho da budurwa a gida ɗaya, ita tana birgima a ƙasa. Na ce a shekaruna in an yi da ni irin wannan maganar ai yabo ne, ta faɗa musu na gode. Ta ce Allah ya shirye ni, in da sauran wurin shiryarwa.

Ranar Alhamis kafin Maulidi na shiga jirgin ƙasa na tafi maƙabartar Jallaz wurin Dalanda, na bar Shadliya da gidan da tukunyar asidarta, kunun zaƙin da ake yi wa Maulidi. Abin da ban tuna ba shi ne ɗakin sama a buɗe yake. Dalanda tana da rai ba ta taɓa barin ƙanwarta ta hau da bokiti ba. Da tsumma da ɗan mai take goge katakon, a durƙushe, tana bin tsawonsa. Shadliya ta hau, ta ga sawun ƙafa da tabon gumi a ɗakin yayarta, sai ta yi abin da kowace mace a Tunis ke yi wa ƙasa mai datti: ta sheƙa bokiti, ta ƙara wani, ta zuba maganin wanki, ta ɗauko sandar jan ruwa. A gidan tayil ruwan yana bin ƙofa ya fita tsakar gida. A nan bai jira a ja shi ba. Tana juyawa ta ga babu shi, sai ta ɗauka ƙasar ce ke da ƙishi, ta ƙara.

Na dawo na tarar ana ruwan sama a ɗakin karatuna. Yana ɗiga daga rufi kan ƙamusoshi, a natse, kamar an biya shi. Shadliya tana tsaye a kan bene da bokiti a hannu.

"Lalla Shadliya, jirgi ne. Mutumin da ya gina shi ya yi shi don ya hana ruwa shigowa daga ƙasa. Bai san za a haife ki ki zo ta sama ba."

Ta ce ita dai ta ga datti. Ta ce wane irin gida ne ba ya son ruwa, sai ka ce mai gidan. Daga nan ta zauna a kan matakala ta yi kuka, ba don littattafan ba. Na bar ta. Asidar ta yi daɗi, wannan ba zan hana ta ba.

Cikin 'yan kwanaki katakon ya kumbura. Wasu suka lanƙwashe kamar cokali, wasu suka ɗaga baki, ƙusoshi suka leƙo. Daɓen ya zama kamar teku da aka ce ya tsaya cak. Ishraƙ ta zo, ta hau, na ji ta tsaya a ƙofa. Ba ta shiga ba. Ta sauko ta ce duk wanda ya yi tsalle a nan zai bar ɗan yatsansa, kuma bikin ya matso. Ba ta zagi kowa ba, na so a ce ta zaga. Ta ɗauki jakarta ta fita. Na baje littattafaina a tsakar gida suna shan rana, shafukansu sun yi tudu-tudu kamar daɓen, na ce wa kaina shi ke nan, an koma shiru.

Ta dawo, don ba ta da wani wurin. Ina ƙasa ina ɓamɓare shafukan da suka manne sai na ji taku ɗaya. Shiru. Sai wani. Ruwan ya ba kowane katako murya: wani yana nishi, wani yana ƙara siririya kamar ƙofar kabad, wani sai an daɗe a kansa yake amsawa. Tana tafiya a hankali don kada ƙusa ta same ta, tana tsayawa, tana komawa ta sake taka wanda ya yi magana. Ta yi ta yi har rana ta karkata. Can sai na ji ta nufi wajen keke, inda daɓen ya fi lafiya. Katakon bakin taga ya yi kukansa na farko. Ruwa bai canza shi ba. Na jira na biyu, bai zo ba. Jirgin Marsiliya ya yi ƙahonsa daga tasha.

Ban hau ba. Na zauna da shafi jiƙaƙƙe a hannu har ta ɗaga ƙafa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da na yi tun rasuwar. Ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Ta daina tsalle gaba ɗaya. Idan ta kira ni in zama ido, sai in ga ta rufe nata idon, tafin ƙafarta yana lalube kafin nauyinta ya biyo. Wani lokaci da gwiwa take takawa, wani lokaci da kafaɗa ko tafin hannu, kuma ɗakin yana ba ta amsa. Ta tambaye ni me na gani. Na ce na ga tana neman izinin ƙasa kafin ta taka. Na ce ban ga Baturiyar ba. Ta ce jan biron ya ƙare ne? Na ce yana nan, ban dai sami inda zan sa shi ba. Kullum a bakin taga take ƙarewa: ta taka, ta tsaya, tana kallon waje.

Ranar da aka ba ta damar gwada dandamalin bikin ta dawo fuska a ɗaure. Ta zauna a matakala, inda Shadliya ta yi kuka. Ta ce ƙasan wurin baƙar roba ce, sumul, ba ta cewa komai. Ta yi rawar daga farko zuwa ƙarshe, mai kula da fitilu ya tambaye ta yaushe za ta fara. In babu katakon, in ji ta, yarinya ce kawai ke tafiya a hankali. Tana so a cire wasu daga ciki a kai can, a sa musu makirfo a ƙasa. Ta riga ta yi magana da wani kafinta. Ya ce kukan ba daga katakon kaɗai yake ba, daga ƙusa ne da azarar da ke ƙarƙashi, dole a yanko su tare, kuma abin da aka yanko ba ya komawa yadda yake.

Na ce ta ɗauki duk wanda take so, ai Shadliya ta riga ta kashe su. Ban da na bakin taga.

Ta ce ta san haka zan ce. Na tambaye ta ta yaya ta sani, tunda ban taɓa ba ta labari ba.

"Duk lokacin da na taka shi kana daina juya shafi."

"Daga sama ana jin ƙasa?"

"Har tarinka. Har in ka yi tsaki kan littafi. A bakin tagar ma ya fi fitowa."

Na tashi na ɗora ruwan shayi, ko da yake akwai shayi a gabana. Shekara da shekaru ina ɗauka ni ne mai saurare a gidan nan.

Ba ta matsa mini ba. Ta ce za ta nemi wani wurin ƙarewa, akwai wani katako kusa da kabad mai ƙara ba laifi. Ta yi kwanaki tana gwadawa, sannan ta kira ni. Na hau na zauna. Ta yi rawar duka, ta zo ƙarshe, ta taka na kusa da kabad, ta tsaya. Ya yi ƙara, ƙarar katako. Ta buɗe ido ta ce me na gani.

Da na iya ƙarya da na yi. Amma mutumin da ya hana manyan marubuta wucewa da waƙafi a inda bai dace ba, ba ya koyon sassauci da tsufa. Na ce na ga ta tsaya a kan abin da ba shi da abin faɗa, kuma na ga ta san haka, don kafaɗarta tana juyawa wajen taga. Ta sunkuyar da kai. Na ce ta kira kafintan nata, kuma ya zo ranar da ba na gida.

Na je bikin da Shadliya, wadda ta sa kayan zuwa ɗaurin aure da duk zinariyarta. Kafin a fara wani mutum daga gidauniyar ya yi jawabi kan yadda suka tsaya wa matasa tun daga tushe. Na gane jimlolin, wasu ni na daidaita su da daɗewa. Aka rage fitilu. A tsakiyar baƙar robar ga ɓangaren ɗakin Dalanda, a lanƙwashe, da tabon maganin wanki. Shadliya ta kama hannun rigata. Ishraƙ ta fito ba takalmi, ta taka. Muryar gidana ta cika zauren, a kunnen mutanen da ban sani ba. Babu kiɗa. Wani ya yi tari a baya, ya daina. Shadliya ta raɗa mini yaushe za a fara rawar, daga nan ba ta sake tambaya ba.

A ƙarshe ta zo kan na bakin taga. Ya yi kukan farko. Ta tsaya tana kallon inda babu taga, ta daɗe, har na ji mutane sun daina motsi a kujeru. Fitila ta mutu tana tsaye. Aka ɓarke da tafi. Na san dole ta ɗaga ƙafa a cikin duhun nan, na kasa kunne iyakar iyawata, amma tafin ya rufe shi.

An gayyace ta wani biki a Marsiliya, daga can kuma wani wuri da ban riƙe sunansa ba. Ta zo sallama da kwalin makarud, cincin ɗin nan mai dabino, gashinta ya ɗan tofo, gwiwar babu bandeji. Ta sumbaci goshina kamar yadda ake yi wa kakanni, ta ce za ta kira. Ta kira sau ɗaya ko biyu, ban riƙe ta da laifi ba. Katakon a jirgin ruwa aka tafi da su, cikin akwati mai ɗauke da sunanta. Ranar na ji ƙahon daga ɗakin karatu. Dalanda ta yi rayuwarta tana kallon jirgin nan, abin da ke ƙarƙashin ƙafarta ne ya shiga.

Kafintan ya dawo ya toshe ramin da sababbin katako, farare, masu ƙamshin shago. Aiki mai kyau ya yi, abin takaici. Na hau na taka su, amma mutum ba ya tafiya a sama ya kuma saurara daga ƙasa. Saboda haka da Shadliya ta zo kafin azumi, da tsumma wannan karon, na ce ta hau ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga. Ta dube ni, na ga tsokanar ta zo bakinta, ta haɗiye ta. Ta cire takalmi ta hau.

Na zauna a kujerata, na buɗe littafi, na ɗora hannu a kan shafin. Na jira. Da na gaji na ɗaga murya na ce ta fara mana.

"Ina bakin tagar tun ɗazu, Si Munsif," in ji ta.